Shanu sun sha ruwan kankarena, ni kuma rahotona na jiran sa hannu

Anti Tayyiba, don Allah ki ba ni shawara kafin in yi abin da zan yi nadama. Ni mutumin Pankshin ne, shekarata tara a Gumel ina aikin gwajin kayan gini a wata ma'aikata. Matata da 'ya'yana uku suna can gida, sai Kirsimeti da Ista nake ganinsu. Na shiga karatun digiri na biyu ne saboda an ce in na gama za a mayar da ni kusa da su.

Bincikena a kan yashi ne. Nan ƙasar yashi ko'ina, amma mai laushi ne, don haka masu aikin titi daga nesa suke ɗauko na kogi. Na so in gano ko na nan zai yi kankare mai ƙarko. Na zuba daɓe goma sha biyu a gefen hanyar Sule Tankarkar, inda tirelolin shanu daga kasuwar Maigatari ke ratsewa su huta, shida da yashin kogi, shida da na gida, wato na nan Gumel. Anti, sabon kankare ba bushewa yake so ba, ruwa yake so safe da yamma har mako biyu, in ba haka ba ƙarfinsa ya tafi. Na kogin ni na tsaya a kansu. Na gidan kuwa ina zuba su aka kira ni mahaifiyata ba lafiya, sai na bar wa mai gadinmu, Manu, tanki cike da ruwan ba su, da buhunan rufe su. Da na dawo na tarar da buhunan a jiƙe sharkaf, har na gode masa.

Shekara biyu ina auna su duk wata, cikin ranar nan da ta mayar da ni kamar gawayi. Shidan gida duk sun tsattsage. Na rubuta cewa yashin nan ba shi da ƙarko, malamina ya yaba, wata mai zuwa zan miƙa.

Makon jiya na je sunan ɗan Manu a rugarsu. A gaban mutane ya miƙe yana sa mini albarka, wai tankin Injiniya ne ya ceci shanunsu shekarar da burtsatse ta lalace da bazara. Kwana biyu kacal ya ba kankaren ruwa, sauran ruwan kuwa shanu ne suka sha! Da na ja shi gefe, cewa ya yi ai ya taka ya ji ya yi tauri, bai ga dalilin shayar da dutse ba alhali maruƙa na faɗuwa. To in bai san laifi ba ne, wa ya jiƙa buhunan ranar da zan dawo? Wannan ne ke ci mini rai. Mutumin da ya yi jinyata lokacin da taifot ta kwantar da ni, ba dangin iya ba na baba!

Ban ce mugu ba ne. Da ni ne da shanun, ban san me zan yi ba. Amma yanzu in na faɗi gaskiya za a iya cewa in sake daga farko, ƙarin shekara biyu ke nan, shi kuma a kore shi. In na yi shiru na tafi gida, kuma ba wanda zai sani. Na gaji, Anti. Autata ba ta sakewa da ni.

Baƙo a Gumel

*

Malam Baƙo, sannu da ɗawainiya. Fushinka yana kan hanya. Shayar da shanun ana iya yi masa uzuri, jiƙa buhunan kuwa yaudara ce. Ka same shi ku biyu ka gaya masa haka, ya san abin da ya jawo maka. Sai dai kai ma ka ɗauki naka kason: ka ba makiyayi tankin ruwa a tsakiyar bazara, ka ce ya zuba a ƙasa, ba ka zaunar da shi ka bayyana masa dalili ba.

Batun shiru kuwa, cire shi daga ranka. Abin da ke cikin rahoton nan yanzu ba sakamako ba ne, ƙazafi ne ga yashin da ba a ba shi dama ba, kuma wasu za su dogara da sa hannunka su yi aiki shekaru masu yawa. Ka je wurin malaminka a wannan makon, kafin ranar miƙawa ta matso. Ka gaya masa shidan gida kwana biyu suka samu ruwa, kuma kai ke da alhakin kulawa. Wannan gaskiya ce, ba ta kuma bukatar sunan Manu.

Kada ka yanke wa kanka hukuncin shekara biyu tun ba a yanke maka ba. Ni ba injiniya ba ce, amma awon da ka yi ya nuna abin da ke samun kankare in an hana shi ruwa a zafin ƙasar nan, kuma ina zaton ba a wurinka kaɗai hakan ke faruwa ba. Ka tambaye shi ko za a karɓi wannan, a haɗa da sabon gwaji gajere. Zai iya ƙi, ba zan ɓoye maka ba. In ya ƙi, ka nemi ma'aikatarku ta duba batun canjin wurin aiki daban da karatun, shekara tara ba wasa ba ce.

Kafin duk wannan, ka kira maiɗakinka ka faɗa mata komai, domin jiran nan tare kuke yin sa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sada ka da iyalinka kana mai ɗaga kai.

Anti Tayyiba