Ɗorawar Gonarku a Littafin Wani

Yaya Sha'aibu,

Gaisuwa mai yawa daga Bulgeriya. Ina fata kowa lafiya a Ƙafin Maiyaki. Yaya ƙafar Inna?

Ranar Talata na gane abin da aka yi wa ƙaninka, Baban Zubaida, Allah Ya jiƙansa. Na je jami'a kwaso kayansa, sai na ga sabon littafi da sunan malaminsa. Ba na iya karanta rubutunsu sosai, amma ina buɗewa na ga zanen ɗorawar gonarku.

A gabana Baban Zubaida ya zana ta. Ya ce gindin shi ne tsohon harshen da ya haifi harsunan nan, rassan kuma Rashanci da na Poland da na Bulgeriya. Har reshen da tsawa ta karya ya saka, wai harshen da ya mutu ne. Aikin shekara shida, ko sunansa babu.

Na tare malamin, ya ce ai bishiya bishiya ce. Na ce, "To faɗa mini sunanta." Ya juya ya tafi.

Muna lafiya, kada Inna ta damu. An ce mu tashi daga ɗakin da muke zaune ƙarshen wata, amma Allah na nan.

Don Allah ka turo hoton ɗorawar da zanen farko da ya aiko maka, in kai wa hukumar jami'a. Kada kowa ya ba ni haƙuri, Yaya, ban yafe ba. So nake ya ji kunya a gaban ɗalibansa.

Ba zan dawo ba tukuna. Har yanzu sunan mijina bai hau littafin ba.

Ƙanwarka,
Hamdiyya