Kafin a Rataya Hoton Inna Tabawa

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Yau na wuce ta gaban shagon Oga Linus a keke, na kawar da kai. An yi wata da rasuwarsa, amma har yanzu idan kyamarar wani cikin ɗalibaina ta ƙi tashi, lambarsa nake fara lalube. Duk mai ɗaukar hoto a Jos ya san bencinsa na gyaran kyamara. Ya kara kyamara a kunne, ya danna, ya ce, "Malama Raliya, wannan mura take yi." Shekara da shekaru muna fita da yaran kulob ɗin hoto na makarantarmu ranar Asabar, ni da surutu, shi da gyara musu riƙo.

Ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto za ta yi baje kolin tunawa da shi ranar ashirin ga wata. Oga Ikechi, shugabanmu, ya kira ni. Hoton ƙarshe da Linus ya ɗauka yake so a tsakiyar bango: wata tsohuwa, Inna Tabawa, a rugarsu bayan Naraguta, tana dariya, shanu a bayanta. Yana cikin kwamfutata, don Linus ya ba ni in nuna wa yara yadda ake kama hasken safiya.

Na ce to.

Laraba, 10 ga Yuli
Ga abin da ke damuna. Linus ba ya rataya hoton kowa sai mai shi ya riƙe shi a hannu ya amince. Ko hoton mai gasa masara ne. Inna Tabawa ba ta ga nata ba, ciwo ya kwantar da shi kafin ya koma. Ina jin ma ba su san ya rasu ba.

Na faɗa wa Oga Ikechi. Ya ce, "Haba Malama, tsohuwan nan zai zo baje koli ne? Wa zai gaya masa? Abeg, a wanko hoto." Ba mugun mutum ba ne. Shi ya fi kowa kuka a coci.

Alhamis, 11 ga Yuli
Ban taɓa zuwa rugar ba. Ban san kowa ba. Me zan ce na zo yi?

Asabar, 13 ga Yuli
Ruwa tun safe, ba mu fita ba. Na tara yaran a aji muna zaɓen hotunan da za su bayar. Da na buɗe na Inna Tabawa, Amatullahi ta ce, "Malama, ta gani?" Ba da wata manufa ba, abin da muka koya musu ne kawai. Na ce za ta gani. Bakin nan nawa!

Da yamma na je Nasarawa Gwom aka wanko mini shi babba, na naɗe a leda.

Litinin, 15 ga Yuli
Na leƙa Madam Ana, matar Linus. Ta rame. Ta kwatanta mini hanya: in na wuce kududdufin tsohon haƙar kuza, in bi hagu, in tambayi gidan Shu'aibu, ɗan tsohuwar. Ta ce kada in rataya kyamara a wuya, in tafi da goro da sukari. Da zan fito ta riƙe hannuna ta ce, "Hoton nan nake so in gani a bango. Shi ne na ƙarshe."

To idan suka ƙi fa? Da wane ido zan dube ta?

Laraba, 17 ga Yuli
Na je.

Mai keke ya sauke ni inda taɓo ya fara, na ƙarasa a ƙafa, takalmi a hannu. Karnuka suka fara tarbata. Wata yarinya ta kore su ta kai ni.

Inna Tabawa ƙarama ce, ba kamar a hoto ba. Muka gaisa, muka sake gaisawa, aka kawo nono. Sai ta ce, "Ina mai tabaraun nan? Ya ce sati ɗaya, ga shi har masara ta yi goyo." Na faɗa mata Linus ya rasu. Ta ja mayafi ta rufe baki. Can ta ce mutumin kirki ne, bai taɓa shigo musu ba sai ya tsaya daga nesa ya yi sallama.

Da na warware hoton ta yi shewa. "Kai! Ashe haka haƙorana suka ƙare, ba wanda ya gaya mini?" Matan gidan suka taru ana dariya. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan.

Sai Shu'aibu ya dawo. Ya daɗe yana kallo, ba fuskar uwarsa ba, bayanta. Ya sa yatsa a kan shanun, ya sa a kan dutsen da ke gefe. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Duk wanda ya ga wannan ya san yawan abin da ke garken nan, ya san inda suke kwana. Bara an kwashe na maƙwabcinmu." Ni da na kalli hoton nan ba adadi, haske kawai nake gani.

Na ce za a iya yanke shanun a bar Inna. Ta ce, "'Yar nan, ki cire shanu ki bar tsohuwa? Wa zai kalla?" Aka yi dariya, amma Shu'aibu bai yi ba. A'a ɗin ta zauna. Na bar musu hoton.

Alhamis, 18 ga Yuli
Oga Ikechi ya kashe waya ina cikin magana. Madam Ana ban iya kiranta ba, na tura saƙo. Ta karanta. Ba amsa.

Ban ci abin kirki ba yau.

Asabar, 20 ga Yuli
An yi taro, an cika. A tsakiyar bango tsohuwar kyamarar Linus aka rataya. Oga Ikechi ya gaishe ni sama-sama. Madam Ana ta tsaya gaban wurin ta daɗe. Ni ina can baya wajen yara, ina gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Da za ta tafi ta ce mini, "Na so in gan shi a nan." Sai kuma ta ce, "Za ki nuna mini a gida?" Na ce gobe.

Ban sani ba ko ta huce.

Talata, 23 ga Yuli
Wata baƙuwar lamba. Shu'aibu ne. Matarsa ta haihu, suna ranar Lahadi, Inna ta ce a kira malamar nan ta zo da kyamara. Mutane kawai, in ji shi, ban da shanu.

Na ce ni fa ba gwana ba ce kamar marigayi. Ya ce Inna ba ta tambayi gwana ba.

Na sa batir a caji. Ba wai na yanke shawara ba ne, don dai kada ya mutu a ajiye.