Akwatin Maganin da Baba Ya Ƙera

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, ya tsare ku daga duk abin ƙi. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagayen 'yan uwa kamar ba ita ce ke kuka da ƙafa ba. Auta ya gama jarrabawa, yanzu ba shi da aiki sai ƙarar mana da abinci. Ni ma ɗinki sai godiya, ina nan a ɗakin da ke jikin shagon Baba, ni da kekena.

Baba ne ya sa ni rubuta maka, amma saƙonsa daban, nawa daban, kuma nawa ne ya hana ni sukuni. Ka san yadda hancinsa ba ya shiri da ƙurar katako. Da ya kunna injin yanka sai atishawa, ido ya yi ja, majina ta dinga zuba, ga mura da ba ta yi masa nisa. Da ka aiko masa da maganin nan, farar ƙwaya da shuɗiya da 'yar kwalbar feshin hanci, murnar da ya yi ba ta faɗuwa. Ka kuma san halinsa, duk abin da yake ƙauna sai ya ƙera masa mazauni. Ya ajiye aikin mutane, ya zauna ya yi wa maganin ɗan akwati mai gida uku, da murfi da 'yar sakata, ya goge shi har yana ƙyalli. Kwalayen da takardar bayanin da ke ciki kuwa ya ce tarkace ne, ya haɗa su da sharar shago aka ƙone. Na san ka yi masa bayani a waya, amma Baba da waya sai dai amin, amin, Allah ya yi albarka, ba abin da yake shiga kunnensa.

To, shuɗiyar nan yake so. Ya ce ita ce mai ƙarfi, don yana jin ta har cikin ƙashinsa, farar kuwa sai dai ya sha ta don kada ta yi fushi. Da safe yake haɗiye su kafin ya buɗe shago. Feshin kuma a aljihun gaba yake zama tare da fensir, da hancin ya ɗan toshe sai ka ji fis, fis. Na lura ya fara gyangyaɗi a kan benci da hantsi, shi da ko a kwance barcin rana ba ya ɗaukarsa, amma na ɗauka girma ne ya fara kama shi.

Ranar da abin ya faru ina cikin ɗinki na ji kukan injin ya canza. Bango ɗaya ne tsakaninmu, na saba da muryarsa kamar ta mutum. Na leƙa sai na ga Baba a tsaye, idonsa a rufe, kansa na rinjaya, hannunsa kan katako yana tafiya a hankali zuwa bakin zarto. Allah ya kawo Dogo mai walda, maƙwabcinmu, ya shigo aron guduma, shi ne ya fizge shi baya. Zarton ya tsarge hannun rigarsa, ya ɗan shafi gefen babban yatsa, jini kaɗan. Da muka zaunar da shi, sai cewa ya yi wai layin awo yake dubawa, shi ya sa ya runtse ido, kuma Dogo ya ɓata masa katako mai kyau.

Ban yi masa gardama ba. Na faki idonsa na ɗebi maganin na kai wa mai kemis na bakin titi. Ya juya bayan ledar da ƙwayoyin ke ciki ya karanta, ya tambaye ni aikin mai shan sa. Da na ce kafinta ne, sai da ya cire gilashinsa. Ya ce shuɗiyar ta lokacin kwanciya ce, barci take sawa, bai kamata mai tuƙi ko mai riƙe inji ya sha ta ya fita aiki ba. Farar tana buɗe hanci, amma tana iya tayar da hawan jini, kuma ka san Baba na da shi. Feshin kuwa na 'yan kwanaki ne kawai, in aka zarce hancin sabawa yake yi, ya dinga toshewa fiye da da, mutum ya ƙara fesawa, haka dai. Ya ce maganin ba shi da laifi, shan ne ba daidai ba, kuma akwai na atishawa da ba ya sa barci sosai, da wani feshin da likita ke bayarwa, sai wanke hanci da ruwan gishiri da sa takunkumi a wurin aiki. Ya ce mu kai Baba asibiti a auna jininsa.

Na dawo na kwashe duka na faɗa wa Baba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce mai kemis so yake a sayi nasa. Inna ta ɓoye akwatin a ƙasan kayanta, ya ƙi cin abinci, ya ƙi yi wa kowa magana, sai da ta fito da shi. Na ɗinka masa takunkumi da hannuna, ya sa ya cire, ya ce to ƙusa a ina zai riƙe ta, tunda tun yana saurayi a leɓe yake jera su. Maganar asibiti kuwa ya ce wanda ɗansa ya aiko wa magani daga nesa ba ya bin layin likita. Kawu ma ya zo ya yi masa faɗa, suka ƙare da hirar yadda aka ƙera murfin akwatin.

Daga baya na gane abin da ke ciki. Duk wanda ya shigo shago, ko da farashin kujera ya zo tambaya, sai Baba ya sauko da akwatin ya buɗe masa, ya ce babban ɗansa ne ya aiko, bai manta da shi ba. Kewarka ce ke damunsa, Yaya, ba ya dai iya faɗa. Shi ya sa duk wanda ya kushe maganin, a wurinsa kai aka kushe. Ba laifinka nake gani ba, alheri ka yi niyya. Amma ni tsoro nake ji, kuma na rasa wanda zai ji maganarsa in ba kai ba.

Ga saƙonsa, don kada in ci amana: ya ce in yi maka godiya, in gaya maka gidan shuɗiyar ya kusa zama fayau, ka taimaka ka ƙaro. Ga nawa kuma: don girman Allah kada ka aiko. Ka kira shi da kanka, ka sa Auta ya riƙe masa wayar, ka hana shi amin ɗin nan har sai ya maimaita maka abin da ka ce. Ka ce kai ne kake so ya je asibiti, kai ne ka ce ya bar shuɗiyar da feshin. In likita ya rubuta wani, ni zan karɓo in jera masa a akwatin, kai dai ka ce da yawunka aka kawo. Ka riƙa kiran sa ko babu dalili.

Inna na gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara. Auta da Kawu da Gwaggo duk suna gaisuwa, Dogo ma ya ce in miƙa tasa. Ka gaishe min da Anti da kyau da kyau. Zan tsaya nan, don Baba ya kunna injin, kuma tun ranar nan in yana yanka ba na iya taka keke ko riƙe biro, sai in ajiye komai in kasa kunne har ya kashe. Ka kira shi, Yaya, tun yatsunsa na nan cif.

Wassalam. Taka ƙanwar,
wadda kake kira Uwar Magana.