Tabon da Na So In Goge a Fuskar Rana

Inna,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar taki? Yaya Kawu da Auta?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Numfashi ne kawai yake yi mini wuya a saman dutsen nan da nake aiki, amma an ce zan saba.

Jiya ina goge-goge a ɗakin na'urar kallon rana, dattijuwar da ke kula da ita ta ce, "Ajiye tsumman nan, zo ki gani." A allon na'urar na ga fuskar rana tana tafarfasa, ga wani baƙin ɗigo a gefe. Na zaci datti ne, har na kai hannu. Ta yi dariya ta ce, "Wannan tabon zai haɗiye duniyarmu ɗungurungum. Akwai ma taurarin da ranar nan ƙwayar yashi ce a gabansu."

Inna, sai na zauna a ƙasa ina tasbihi. Kullum kukana shi ne na yi nisa da ke. Ashe a wannan girman, kusan ɗaki ɗaya muke kwana.

Ki yi haƙuri, bana ba zan dawo ba. Ki hana Auta ƙura wa rana ido, tana makantarwa. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki