Nonon Nizama

Daga asibiti, garin Tuzla

Yaya Zumreta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da duk wanda ya tambaye ni. Wannan ba hannuna ba ne, kin san ni da biro ba ma shiri. Wata baiwar Allah ce a gadon kusa da ni, Malama Radmila, tsohuwar malamar makaranta, ciwon suga ya kawo ta. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara min magana.

Yaya, ya Nizama? Tana barci kuwa? Me take sha? Yarinyar da ko zama ba ta fara ba, na ajiye miki ita kamar ƙunshin kaya na shiga mota.

Likita ya ce hanjina ne ya yi gyambo ta ciki, kuma wai ba ya warkewa, sai dai ya kwanta ya tashi. Yini nake hanyar banɗaki, jini kawai. Ga gwiwoyi da yatsu sun kumbura, cokali ma da ƙyar nake riƙewa. Ƙwayar da nake sha a gida saboda gaɓɓai, ashe ita ke ƙara tsokano hanjin, sun ƙwace ta. In an lallashi wannan ciwo, wancan ya yi fushi. Jinina ma ya yi ƙasa, har sun ƙara min.

Jiya na hango hayaƙi ta taga, na ce yanzu a gida ana dafa pekmez. Kin tuna tukunyar Baba ta tagulla? Mu yini muna juya ruwan tuffa har ya yi baƙi ya yi kauri, zanzaro na bin mu, ni kuma ina lasar muciya ina ƙona harshe kina zagina. Nan shinkafa ce fara, ko gishiri babu. Malama tana kallon tawa, ina kallon tata, kowa na ganin ta ɗan'uwansa ta fi.

Ki sumbace min ƙafar Nizama. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki, Mersiha

*

Mersiha,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, kowa na gaishe ki. Nizama tana ƙoshi, tana barci, ta yi kumatu. Kwance suke wuri ɗaya da Edhem ɗina, ta fi shi baki duk da ya girme ta. Ki daina tambayar abin da take sha, ba yunwa a gidan nan.

Pekmez mun dafa, bai kai na bara ba, tuffa ta yi tsutsa. Na ajiye miki kwalba. Nusret ya zo daga mahaƙar kwal ranar hutunsa, ya ɗauki Nizama kamar an ba shi ƙwai, ya rasa inda zai sa hannu. Mijin nan naki sai addu'a.

Ki ci abin da aka ba ki, ki bi maganar likita. Allah ya ba ki lafiya.

Yayarki, Zumreta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, a gaida kowa. Malama ta karanta min takardarki har na haddace. Amma ba ki faɗa min me take sha ba. Madarar saniya ce? Ki dinga sirka ta, ta yi mata nauyi.

Yaya, tsoro nake ji. Sun kawo wani sabon magani mai ƙarfi, sun ce in na fara shi ba ni ba shayarwa, yana bin nono. In kuma jinin bai tsaya ba za su yanke hanjin, su maƙala min leda a gefen ciki. Ni da na ga wata da ita a nan ɗakin, kwana na yi ban ci abinci ba.

Ruwan nonona yana nan, bai ƙafe ba. Kullum ina tatsa ina zubarwa don kar ya tafi, duk da yatsun nan. Shi kaɗai ya rage min da ke aiki a jikin nan. Ɗaukar Nizama ba zan iya ba, goyo ba zan iya ba, in na dawo ba nono, da me za ta gane ni?

Ni fa ban san fuskar Mama ba. Ku kuna cewa tana da tabo a haɓa, tana waƙa in tana murza kwaɓin fulawa na pita. Ni abin da na sani, wani ɗankwali mai ƙanshin hayaƙi a cikin akwati, shi ke nan. Ba na son Nizama ta tashi ana ba ta labarina.

Malama, rubuta mata cewa ina samun sauƙi. Rubuta mana.

Mersiha

Zuwa ga Uwargida Zumreta: Ni ce Radmila. Ki gafarce ni, wannan ƙarin nawa ne, kuma na gaya mata zan yi, ta juya min baya. Ba ta samun sauƙi. Maganin da ake ba ta ba ta haɗiyewa, a ƙasar tukunyar fure take binnewa. Na yi magana a matsayin malama, na yi a matsayin uwa, ta ce ni ban taɓa shayarwa ba. Gaskiyarta. Ke za ta ji. Da girmamawa.

*

Mersiha,

Sallama. Gaisuwa sai kin yi hankali.

Furen asibiti ne ke ciwon hanji ko ke? Shashasha kawai.

To buɗe kunne. Ba madarar saniya Nizama ke sha ba. Ranar da kika tafi mun gwada, ta amayar, ta yi kuka har ta shiɗe. Na ɗaga riga na sa ta a ɗaya, Edhem a ɗaya. Tun ranar ni nake shayar da ita. Na ɓoye miki ne don na san halinki, ashe ɓoyewar ce ke kashe ki. Na je na gaya wa liman, ya ce ita da Edhem sun zama wa da ƙanwa, uwa ɗaya ta nono. Nusret ya sani, kuka ya yi, ƙaton banza.

Kin ce da me za ta gane ki. Lokacin da Mama ta rasu ko yaye ki ba a yi ba. Ni ina 'yar yarinya, da tsumma da ruwan sukari na raine ki. Da kika fara magana ni kika kira mama. Na buge miki baki, na shiga rumbu na yi kuka, don ni ma ita nake nema. Mama tana da nono har ranar da aka ɗauke ta, Mersiha. Me ya amfana miki?

Nono akwai a gidan nan. Abin da babu shi ne ke. Ki sha magani. In da leda za ki dawo, ki dawo da ita, ni zan ɗinka mata riga.

Ki ce wa Malama Radmila na gode, Allah ya ba ta lafiya, kwalbar pekmez guda tata ce, ko da lasa ba za ta yi ba.

Zumreta

*

Yaya,

Sallama, a gaida gida. Na sha, a gaban Malama, har ta sa na buɗe baki ta leƙa. Jinin ya fara raguwa. Maganar yanka sun ce a jira a gani.

Nonon ya tafi. Na ɗaure ƙirji da tawul, ya yi zafi, ya daina.

Abu ɗaya nake roƙo. In Nizama ta fara magana kafin in dawo, ta ce miki mama, kar ki buge mata baki. Ki amsa mata. Ni dai kar ki faɗa min.

Allah ya saka miki.

Mersiha