Hannun da Ya Daina Jin Fulogi

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da aka bar wa gida ba shiri. Yaya jikin Inna? Ƙafar ta fara taka ƙasa kuwa, ko har yanzu sai an ɗaga ta? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Mu nan muna lafiya. Auta tana iya ƙoƙarinta a kicin, sai dai hannunta ba ya tausayin gishiri, ni kuma ina ci ina yabawa don kada a bar ni da yunwa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Dalili shi ne, a waya da na buɗe baki kike gano ni, maganar nan kuwa so nake in kai ƙarshenta ba ki katse ni da salati ba.

Kin sha yi min dariya in na ce yatsuna ne ke ciyar da gidan nan, ba sufana ba. To yau ki daure ki saurari bayanin da kike gudu tun muna da ƙuruciya. Fulogi, wanda ke ba injin mota wuta, ba da ƙarfi ake saka shi ba. Sai injin ya huce, a share ramin tas, a kama shi da yatsu a murza a hankali. Idan haƙoransa sun hau daidai kan na ramin, zai tafi sumul kamar murfin kwalba. Idan ya karkace, yatsa ne zai ji ya cije, sai a dawo da shi baya a sake. Bayan ya zauna daram ne ake ɗauko sufana a ƙara masa kamar rabin juyi don washar da ke gindinsa ta kwanta, a tsaya nan. Kan injin motocin yanzu alminiyam ne, taushi gare shi. Ramin kuma yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, aikin duk na yatsa ne.

Tun kafin ki tafi nake jin babban yatsana na dama da biyun da ke kusa da shi suna yi min wani iri, kamar na kwanta a kansu. Na ɗauka gajiya ce. Yanzu kuma ba tsami suke yi ba, shiru suka yi. In na taɓa abu, ji nake kamar da safar hannu na taɓa.

Shekaranjiya Dogo mai tasi ya kawo motarsa a canza masa fulogi. Kin san Dogo, ba ya yarda kowa ya buɗe masa bonet sai ni. Na saka na farko da na biyu lafiya. Na uku na murza, na ga kamar ya tafi, na ɗora sufana. Tana juyawa da ɗan nauyi, sai kuma ta saki gaba ɗaya, tana ta yawo ba ta kama komai. Da na zaro shi, haƙoran ramin ne suka biyo shi kamar ɓawon fensir. A karkace ya shiga tun farko, yatsuna ba su gaya min ba.

Dogo ya leƙo ya gani, ya dube ni ya ce, "Haba Injiniya, kai ne kuwa? Ko tunda Madam ta yi tafiya hankalin ya bi ta?" Aka yi dariya a garejin, har da ni. Na kwance kan injin na kai wa masu gyaran haƙoran inji, motar ta kwana biyu ba ta fita nema ba.

Maman yara, tsoro nake ji. Baba mahaifina nake ta tunawa, Allah ya jiƙansa. Shi ma da hannu abin ya fara masa, yana sakin kofi muna cewa sakaci ne, har ya kai ke kike ba shi abinci a baki. Ban gaya wa Auta ba, ke ma kada ki gaya wa Inna, ta ji da ƙafarta.

Ki gaishe min da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Injiniyanki

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, kuma Inna tana samun barci. Na ji daɗi da kika ce ta taka har bakin ƙofa da sanda. Ki ce mata surukinta ya ce ta bi a hankali, ba tsere ake ba.

Faɗan da kika yi min a waya na ji shi, kuma kin fi ni gaskiya. Na ce miki zan je asibiti, ban je ba. Kullum sai in ce bari in gama da motar nan tukuna. Gaskiyar magana, gudun abin da likita zai faɗa nake yi. Amma abin da ya faru jiya ya fi ƙarfin taurin kaina.

Tun abin Dogo na zama matsoraci a gaban fulogi. Da na ɗora sufana sai in ga kamar yanzu zan sake cinye haƙoran wani, sai in ɗan taɓa in janye hannu. Ni a tunanina taka-tsantsan nake yi. Na manta da abin da ni da bakina nake gaya wa mutane, cewa fulogin da bai ɗauru ba shi ma masifa ne. Iska mai zafi tana bi ta gefensa, yana girgiza yana warwarewa, har ranar da injin zai tofo shi waje.

Malamar makarantar nan mai jar mota, wadda kike cewa ta fi ki iya cin ado, ta kawo motar sabis a makon jiya, na canza mata fulogi. Jiya da rana sai ga wayarta. Tana saman gada ta ɗauko 'ya'yanta daga makaranta, sai ta ji wata ƙara a gaban motar, motar ta hau jijjiga ta rasa ƙarfi, ga tirela a bayanta tana danna hon. Allah ne kaɗai ya sa ta samu ta raɓa gefe.

Na hau babur na je. Na tarar da yaran a tsaye jikin ƙarfen gada, ƙaramar tana kuka, manyan motoci suna wucewa iskarsu tana kaɗa musu riga. Malama ta ce min, "Wallahi Baba na ɗauka harbi ne, kalmar shahada kawai nake yi." Na buɗe bonet, ga fulogi ɗaya ya fito yana lilo a jikin wayarsa. Da injin ya huce na gwada sauran da hannun hagu. Ko sufana ban nema ba, da yatsu suka juyo.

Ba ta zarge ni ba. Cewa ma ta yi wai fulogan yanzu ne ba su da kyau, ni kuma na ce mata a'a, aikina ne, ta yi haƙuri. Ta dube ni kamar ta ga na tsufa a gabanta.

Da na koma gareji na zauna a kan tsohuwar kujerar motar nan da ke ƙarƙashin rumfa, na shiga lissafa motocin da suka bi ta hannuna tun ranar Dogo. Na bi su da waya ɗaya bayan ɗaya, ina cewa su dawo akwai abin da zan duba. Wasu sun dawo. Akwai wani mai farar bas da ba ni da lambarsa, baƙo ne, ya ce hanya mai nisa zai kama. Duk ƙarar da na ji a titi sai in ɗaga kai.

Gobe in Allah ya kai mu zan je asibiti, wannan karon ba alkawarin makaniki ba ne. Mai Faci maƙwabcina a gareji ya ce shi zai kai ni da kansa, don ya lura da yadda nake sakin notuna a ƙasa ina tsinta.

Ki sa ni a addu'a. Auta tana gaishe ki, ta ce ki dawo ki karɓi kicin ɗinki.

Naki,
Injiniyanki

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina miki fatan alheri, ke da Inna da duk mutanen gidan. Ki yi haƙuri da rubutun nan, ya koma kamar tafiyar kaza, biron ne ba na jin riƙonsa sosai.

Na je asibitin. Likitar mace ce, ba za ta girmi babban ɗanmu ba, amma tana da natsuwa. Ta sa na ɗora hannu a kan tebur, ta ce in rufe ido, za ta riƙa taɓa yatsuna da tsinin allura, duk inda na ji in yi magana. Na rufe ido ina jira ta fara. Ina ta jira, har na ce a raina yarinyar nan me take nema ne. Sai na ji ta ce, "Baba, buɗe idonka." Ashe ta daɗe da gamawa da yatsu uku.

Ta ce jijiya ce. Wataƙila a wuyan hannu ta matse saboda shekarun da na yi ina murɗa ƙarfe, in haka ne da sauƙi, ƙaramin aiki za a yi a sake ta. Wataƙila kuma daga wani wuri abin yake tasowa, shi ya sa suka ɗebi jini, suka ba ni ranar da zan koma a yi hoton wuya. Na tambaye ta kai tsaye ko irin ciwon Baba ne. Ta ce ba za ta yi min ƙarya ba, ba ta sani ba tukuna. Abin da ta ja min kunne a kai shi ne, muddin hannu ɗaya ne hankalinta a kwance yake, amma idan na ji hagu ta fara, ko tafin ƙafa, kada in jira ranar da aka ba ni.

Daga asibiti na wuce kasuwar kayan aiki na sayo sufana mai ma'auni, irin wadda ake saita mata iyakar ɗauri, da ya kai sai ta yi ƙas. Mai Faci ya ce yanzu na zama makanikin littafi, na ce masa ya je ya ji da tayoyinsa. Ta rage min rabin fargaba, don kunnena dai lafiyarsa lau. Amma ita ɗauri kawai ta sani. Ba za ta gaya min fulogi ya hau daidai ko ya karkace ba, wannan har gobe aikin yatsa ne. Don haka na koma saka su da hagu. Da farko kamar ɗan koyo, ina gumi a kan abin da nake yi ido rufe a da, amma hagun ta karɓa, tana ji, har na fara samun barci.

Dogo ya dawo yau da safe, bai yi fushi ya canza gareji ba, Allah ya saka masa. Ya ce motar tana jijjiga, a canza fulogan duka huɗun a huta. Na share ramukan, na kama na farko da hagu, na ji shi yana tafiya sumul har ya zauna. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Na huɗun na murza, ina kallon hannuna yana juyawa, ban ji komai ba. Na zaro shi na sake, na matse yatsun, na hura musu iska, na sake. Ban ji ba.

Na ajiye fulogin a kan bonet na ce wa Dogo ya kai motar garejin da ke bayanmu su ƙarasa masa. Bai yi wasan da ya saba ba, ya dai ce, "To Injiniya," ya tafi neman wanda zai ja masa motar.

Na rufe gareji tun kafin azahar. Gobe da sassafe zan koma wajen likitar. Na san Inna tana buƙatarki, kuma tunda muke ban taɓa ce miki ki bar wani abu ki zo domina ba. Ki roƙi yayarki ta karɓe ki jinyar, ki hau motar farko. Ba na son in ji abin da za ta faɗa ni kaɗai.

Ki gaida Inna, ki ce mata aiki ne ya taso a gida.

Mijinki,
Baban yara