Karfasar da ta ƙi cin abinci

Zuwa ga ɗana Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Rabi da yara. Yaya aiki a Fatakwal, yaya kuma ƙafar jikata Ummi? Ni dai ga ni a Faskari, gidan shiru yadda ka bar shi.

'Yar karfasar nan mai ruwan ɗorawa da ka kawo mini cikin akwatin gilashi ta tayar mini da hankali. Kwana shida ta ƙi cin komai, haɓarta ta kumbura, ta laɓe bayan dutse. Na sauya mata ruwa, a banza. Tun rasuwar mahaifiyarka ita kaɗai ke tasowa idan na shigo ɗaki.

Ranar kasuwar Yankara na nuna wa Malam Sani masunci hotonta a waya. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, duk bokonka? Ƙwai ta ƙunsa a baki, haka suke reno. Ina mijin?" Na ce ita kaɗai ce. Ya ce, "To wahalar banza take, ba za su ƙyanƙyashe ba." Shekara talatin ina koyar da kimiyya, ba ɗalibin da ke leƙo ni, yau masunci ke yi mini darasi.

Jiya ta tofar da ƙwan, ta ci abinci.

Ka samo mata namiji. Amma kada ka ba direba ya kawo. Kai nake so ka riƙo shi, ko da sai bayan Sallah ne, za mu jira.

Ka gaida Rabi da yara, ku sa ni a addu'a.

Mahaifinka.